Darasin duwatsun Saudiyya ga masu neman mai a Arewa

Duk shekara alhazanmu kan dawo daga Makka suna ba da labarin arzikin Saudiyya, har wasu na zaton man fetur na kwance ne a ƙarƙashin birnin. Alhali Makka na zaune ne a kan duwatsu masu tauri irin na Kufena a Zariya, waɗanda ba sa riƙe mai. Man yana can gabashin ƙasar, tazarar sama da kilomita 1,000, inda rijiyar Dammam ta 7 ta fara fitar da shi a 1938, aka kuma gano filin Ghawar a 1948.

Man Ghawar yana cikin farin dutse ne mai ƙananan kafofi, dangin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina da Ashaka. Matsalar ita ce, irin wannan dutse yana jere ne hawa-hawa, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. To, yaya mai haƙa zai san ya iso hawan da ke da mai? Masana kan tattara ɓarɓashin dutsen da ke fitowa daga rijiya, su auna sinadaransa da na'ura. Yawan kalsiyam na nuna farin dutse, ƙaruwar maganiziyam na nuna ya rikiɗe ya zama dolomait, yawan farar wuta kuma alama ce ta murfin da ke hana mai tserewa. Da wannan ake saita bakin injin kada ya kauce, musamman a rijiyoyin da ake haƙawa a kwance.

Saudiyya ta gane haka da wuri, shi ya sa a 1963 ta kafa kwalejin man fetur da ma'adinai a Dhahran, wadda a yau ita ce Jami'ar Sarki Fahad.

Mu kuwa fa? An yi shekaru ana haƙa a yankin Tafkin Chadi ba a samu man sayarwa ba. A 2019 aka ba da sanarwar gano mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2022 aka yi bikin ƙaddamarwa. Mun iya biki, amma tun ran gini ran zane. Muna kira ga gwamnonin Arewa da kamfanin NNPC su wadata sassan nazarin duwatsu na jami'o'inmu na Zariya da Bauchi da Maiduguri da na'urorin awo, su kuma ba ɗalibanmu damar nazarin ɓarɓashin rijiyoyin da aka riga aka haƙa. In ba haka ba, baƙi ne za su ci gaba da karanta mana ƙasarmu, mu kuma muna biya. Allah Ya sa shugabanninmu su ji.