Waya a Hannun Ƙananan Yara: Abin da Iyaye Ya Kamata Su Sani

Duk wanda ya ratsa Fagge ko Sabon Gari da yamma ya san yanayin. Uba yana shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Sabon Gari tun safe, uwa na fama da girki ko sana'arta, yaro ɗan shekara 2 kuma an miƙa masa waya don ya yi shiru. Ba rashin ƙauna ke jawo hakan ba. Gidajen haya sun matse, tsakar gida ta ƙanƙance, tituna cike da adaidaita sahu, don haka iyaye na ganin gara yaro ya zauna a ɗaki da waya da ya fita waje.

Sai dai hukumomin lafiya sun fara jan kunne. A Afrilun 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. A 2024 hukumar lafiyar Suwidin ta fitar da irin wannan shawara ga iyayen ƙasarta. A 2023 mujallar likitocin yara ta JAMA Pediatrics ta wallafa wani bincike da aka yi a Japan kan yara sama da 7,000, wanda ya nuna cewa waɗanda suka fi yawan kallo suna da shekara 1 sun fi fuskantar jinkirin iya magana a shekara 2 da 4.

Binciken bai ce waya ce kaɗai ke jawo jinkirin ba. Babbar matsalar ita ce abin da wayar ke ƙwacewa. Yaro yana koyon magana ne ta hanyar ba-ni-in-ba-ka: ya yi gwaranci, uwa ta amsa, ya nuna akuya, a faɗa masa sunanta. Bidiyo ba ya jiran yaro, ba ya amsa masa. Haka kuma kallo da daddare yana jinkirta barci, alhali ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar awa 10 zuwa 13 a rana. Yaron da ake ba abinci idonsa na kan waya kuwa ba ya lura da ƙoshinsa.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya ne daga 2001, ke nan yawancin iyayen yau sun taso da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da kacici-kacici, da langa da gaɗa a dandali. Waɗannan su ne makarantar farko ta harshe da tarbiyya, kuma ba a biyan ko sisi. Sabon Gari ma tana da wata falala: yaro na jin Hausa da Ibo da Yarbanci da Turanci a layi ɗaya, kuma jin harsuna da yawa ba ya hana yaro magana.

Ga abin da kowane gida zai iya:

A ajiye waya lokacin cin abinci, har da ta manya, domin yaro abin da ya gani yake kwaikwayo.

A kashe kallo awa 1 kafin barci, a maye gurbinsa da tatsuniya ko hira.

Uwa ta riƙa yi wa yaro magana tana aiki: ga tumatir, ga albasa, miƙo mini ludayi.

Uba in ya dawo daga kasuwa, ya ba yaro ko minti 15 ne kafin ya buɗe WhatsApp.

In za a yi kallo, a zauna tare ana tambayar yaro abin da ya gani.

Yaron da ya saba zai yi rigima a kwanakin farko. A daure, a rage a hankali, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Idan yaro ya kai wata 18 bai furta kalma ko ɗaya ba, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalmomi biyu, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, kada a zauna jira ana cewa nauyin baki ne. A kai shi Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibiti mafi kusa, a duba jinsa da girmansa.