Hukuncin kama magunan da ba su da mai su domin a yi musu fiɗiya

Tambaya: Maguna sun yi mana yawa a Fagge da Sabon Gari. Wasu na zuba musu guba, wasu na ɗaure 'ya'yansu a buhu su yar a bola. Shin ya halatta a kama su a yi musu fiɗiya don a rage haihuwarsu?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ka sani, ɗan'uwa, abinci ne ke tara mage. Duk inda ake yanka, ake sayar da kifi, ake zubar da ragowar tuwo, kamar kewayen mayankar Fagge da lungunan Kasuwar Sabon Gari, nan za ta zauna. Cikinta wata 2 ne da 'yan kwanaki, tana iya ɗaukarsa tun tana wata 6, ta haihu sau 2 ko 3 a shekara. Shi ya sa guba ba ta magance komai: ka kashe goma, wasu su zo su gaje gurbin. Kafin su zo kuma ɓeraye sun samu sarari, alhali wani nau'insu ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa.

A shari'a, azabtar da mage haramun ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage har yunwa ta kashe ta. To, mene ne bambancin wannan da ɗaure jarirai a buhu? Imam Malik kuma ya kawo hadisin Abu Ƙatada da ke nuna mage ba najasa ba ce.

Game da fiɗiya, malamai sun saɓa. Malikawa sun halatta ta a dabbar da ake ci, kamar rago. Shafi'awa sun hana ta a wadda ba a ci. Hanafawa sun halatta ta har ga mage idan akwai amfani ko kawar da cuta, kuma Shaikh Ibn Usaimin ya yi fatawa da halacci idan magunan sun yi yawa suna cutarwa, aikin kuma ba zai cuce su ba. Wannan shi muke rinjayarwa, domin ana ɗaukar ƙaramar cuta don a tunkuɗe babba. Ƙasar Turkiyya ma a 2004 ta yi dokar kamawa, a fiɗiye, a yi rigakafi, a mayar.

Sharuɗɗan su ne: likitan dabbobi ya yi aikin da allurar kashe zafi, ba kai da reza ba, tarkon ya zama keji mara rauni, kada a bar ta cikin rana, a jinkirta wa mai shayarwa, a mayar da ita inda aka kamo ta bayan ta warke. Kai kuma ka rufe shararka, ka yi magana da shugabannin layinku ku haɗa kuɗin aikin.

Allah ne mafi sani.