Manhajar Kyauta Aikin Gayya Ce, To Ina Fartanyarmu?

Yau da ɗan zafi na zo, don haka duk wanda maganata ta taɓa sai ya yi haƙuri.

Tun bayan gobarar Monday Market a watan Fabrairun 2023, wadda ta cinye shagon Baba har da littafin bashinsa, na koma rubuta masa lissafi a wata tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo, ina kuma ajiye kwafi a gida. Manhajar da nake amfani da ita LibreOffice ce, wadda ke aikin Word da Excel ba tare da an biya ko kwabo ba. Shekaranjiya a majalisarmu ta Hausari wani abokina ya yi ta zagin ta, wai ta cika nauyi, sauke ta kaɗai sai ya cinye data kusan mega ɗari uku ko fiye, kuma sabon fitowarta ya ƙi hawa kwamfutarsa.

Gaskiya ya faɗa. Fitowar watan Agustan 2025 ta daina aiki a kan Windows 7, alhali yawancin kwamfutocin shagunan buga takardu na garin nan tsofaffi ne. Amma na tambaye shi, kai ka taɓa gaya wa masu yin ta? Sai ya yi shiru.

Bari in ɗan ba ku tarihi. Kamfanin Sun ne ya buɗe sirrin wannan manhaja ga kowa a shekarar 2000 da sunan OpenOffice. Da Oracle ya sayi Sun a 2010, sai masu aikin sa kai suka ji tsoron kada kamfani ɗaya ya riƙe wuyanta, suka ɓalle suka kafa LibreOffice a ƙarƙashin wata gidauniya mai mazauni a Jamus. Ita kuwa OpenOffice, tun da aka miƙa ta ga Apache a 2011 hannaye suka ragu, tafiyarta ta koma ta hawainiya. Darasin a fili yake: irin wannan manhaja aikin gayya ce, yawan hannaye da bambancinsu shi ne ranta.

To su wa suka fi yawa a gayyar? Mafi yawansu Turawa ne, wasu ma albashi kamfanoni ke biyan su. Mutumin da ke zaune a Balin da sabuwar kwamfuta da wutar da ba ta ƙiftawa, ina zai san cewa a 2021 an fasa turakun layin Damaturu, Maiduguri ta yi wata da watanni cikin duhu? Ina zai san cewa a wurinmu duk mintin da manhaja ta ɓata kafin ta buɗe, fetur ne ke ƙonewa a janareto? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu masu ɗakin mun ja bakinmu mun tsuke.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne harshe. Ana iya sauke LibreOffice da harsuna sama da ɗari. Akwai Suwahili, akwai Zulu, akwai Oromo da Sidama na Habasha, har da harshen Sobiyawa, wata 'yar ƙaramar ƙabila a Jamus da masu jin yarenta ba su kai mutanen Hausari da Gwange ba. Babu Hausa, babu Barbarci! Ba wanda ya hana mu. Ƙofar fassara a buɗe take, mu ne dai ba mu shiga ba.

Kada wani ya ce min sai injiniya. Ni ma sakandare kawai na gama. Fassara kalma goma a rana ba ta buƙatar digiri, haka nan rubuta musu cewa abu kaza yana tsayawa a kwamfuta mai ram giga biyu. Muna da datar musun ƙwallo har tsakar dare, muna da ɗalibai a Jami'ar Maiduguri da Ramat da suka fi ni sani nesa ba kusa ba.

Iyayenmu da suka zo garin nan fatauci ba su jira an kafa musu rumfa ba. Ni dai ranar Asabar bayan La'asar zan kai kwamfutar Baba majalisa mu fara. Wanda ya zo, Allah ya saka masa. Wanda bai zo ba, don Allah ya rage mana ƙorafi.

Wassalam.