KOFIN 2021 DA YARON DA BA SHI DA TAKARDA

A ƙasar Amurka ba a ba da kofin ƙwallon kwando a wasa guda, kamar yadda muka saba gani a ƙwallon ƙafa. Ƙungiyoyi biyu da suka rage a gasar ƙwararru ta NBA sukan yi ta karawa, wani wasa a garin wannan, wani a garin waccan, har ɗaya ta ci wasa 4. In abin ya yi tsanani, sai a kai wasa 7. A ganinmu wannan tsari ya fi adalci. A dare guda sa'a tana iya ɗaga rago. Amma cikin mako biyu babu aibin da zai ɓuya, don abokin gaba yana da lokacin gano shi, ya yi ta danna shi.

Cikin karawar da aka yi a shekarun baya, wadda ta fi tsaya mana a rai ita ce ta watan Yuli 2021, tsakanin Bucks ta garin Milwoki da Suns ta garin Finiks. Waɗanda suka bi ta daga Yamai ko Maraɗi sun san kuɗin da suka biya da barcinsu, don wajen ƙarfe 2 na dare ake soma wasa a agogonmu.

Suns ce ta ci wasa biyu na farko a gidanta, 118 da 105, sannan 118 da 108. Jagoranta Chris Paul yana da shekara 36, kuma sai a shekararsa ta 16 cikin gasar ya samu kaiwa wannan matsayi. Mutane da yawa sun ce kofi nasa ne. Shi kuwa jagoran Bucks, Giannis Antetokounmpo, mako guda kafin wasan farko gwiwarsa ta hagu ta lanƙwashe baya a karawa da Atlanta, har aka yi tsammanin shekararsa ta ƙare. Duk da haka ya ci maki 42 a wasa na biyu, 41 a na uku.

Daga nan Bucks ba ta sake faɗuwa ba. A wasa na huɗu, saura minti ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi, Bucks na gaba da maki 2 kacal, sai Devin Booker ya cilla ƙwallo sama don Deandre Ayton ya zuba ta a kwando. Giannis yana fuskantar Booker a lokacin. Ya juya, ya yi tsalle, ya tare ƙwallon a bakin kwando. A na biyar kuma Jrue Holiday ne ya fizge ƙwallo daga hannun Booker ana dab da tashi, ya miƙa wa Giannis a sama. Booker ya ci 42 a wasa na huɗu, 40 a na biyar, bai samu ko ɗaya ba. Abin tausayi ne, kuma ba a cika tuna shi ba.

Amma inda muke so a tsaya shi ne wasa na shida, ran 20 ga Yuli. A ƙwallon kwando, in aka yi wa ɗan wasa keta yana shirin jifa, alƙali yakan ba shi jifan kyauta: ya tsaya a kan layi, babu mai tare shi, kowace jifa maki ɗaya. Nan ne aibin Giannis yake, kuma duniya duka ta sani. Mutum ne mai tsawon mita 2 da santimita 11, ba a iya tsayar da shi kusa da kwando, amma a kan layi hannunsa yakan ci amanarsa. Yakan daɗe kafin ya jefa, ga shi doka ta ba da daƙiƙa 10 kawai, sai ƴan kallon abokan gaba suka ɗauki al'adar ƙidaya da ƙarfi, dubban mutane baki ɗaya, don su rikita shi. A wasa na biyar ya jefa 11, huɗu suka shiga. A na shida ya jefa 19, goma sha bakwai suka shiga. Ya tashi da maki 50 cikin 105 na ƙungiyarsa, Suns tana da 98. Ku lissafa da kanku: tazarar maki 7 ce. Da ya yi jifa irin ta wasan baya, da sai an koma Finiks wasa na bakwai.

Wannan ne kofin Milwoki na farko tun 1971, zamanin Kareem Abdul-Jabbar. Kuma ba saye shi aka yi a kasuwa ba. A 2013 ƙungiyar ta ɗauki Giannis yana ɗan shekara 18, siriri, sai a zaɓi na 15. A shekararsa ta farko sun ci wasa 15, sun faɗi 67. A 2019 sun ci Toronto biyu, Toronto ta rama huɗu a jere ta fitar da su. A 2020 Miyami ta fitar da su. Aka yi ta ba shi shawara ya koma wata ƙungiya mai manyan taurari, kamar yadda waɗansu suka yi. A watan Disamba 2020 ya sa hannu ya zauna. Milwoki ta yi haƙurin shekara 8 da shi, shi ma ya yi da ita.

To, a nan ne maganar ta wuce filin wasa, kuma muna roƙon ma'aikatan hukuma da ke karanta wannan shafi su saurara. Iyayen Giannis ƴan Najeriya ne, sun bar Legas a 1991 suka sauka Girka. An haife shi a birnin Atina ran 6 ga Disamba 1994. Dokar Girka ta lokacin ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa don an haife shi a can, kuma ba shi da fasfon Najeriya. Shekara 18 ya yi ba shi da takardar kowace ƙasa. Shi da wansa Thanasis suna tallar agogo da tabarau a bakin titi don taimakon gida, akwai lokacin da takalmin wasa ɗaya suke karɓa-karɓa. Sai a watan Mayu 2013, da masu neman ƴan wasa daga Amurka suka soma cika ɗan ƙaramin zauren da yake wasa, aka ba shi takardar zama ɗan Girka. Ƴan makonni suka rage a yi zaɓen NBA. A wannan takarda ce ma sunan gidansu na Yarbanci, Adetokunbo, ya rikiɗa ya zama Antetokounmpo.

Ba mu ga abin yabo a nan ba. Yaron bai canza ba tsakanin Afrilu da Mayu. Farashinsa ne ya canza. Yara nawa ne a unguwarsu ta Sepoliya aka haifa shekara ɗaya da shi, suna jin harshen Girka kamarsa, amma Allah bai ba su tsawo ba? Su wa ya sa musu hannu? Mu ma kada mu yi saurin nuna yatsa. A ƙauyukanmu akwai yaran da ba a rubuta haihuwarsu ba, sai ranar jarrabawa ko ranar gasar matasa ake tuna cewa babu takarda, a soma neman alƙali da shaidu. Wanda takarda take jira a kan teburinsa bai san ko ta wane ne ba, kuma bai kamata sai ya sani kafin ya sa hannu ba.

A 2015 majalisar Girka ta gyara dokarta, ta buɗe hanyar zama ɗan ƙasa ga ƴaƴan baƙi da aka haifa a can suka shiga makaranta. A 2024, ranar buɗe wasannin Olimfik a Paris, Giannis yana ɗaya daga cikin mutum biyu da suka riƙe tutar Girka.