Martani: Ba dusa kaɗai ke yin uwa ba

Wani marubuci ya ce akuyar da ta ƙi ɗanta, ko nononta ya gaza, yunwa ce kawai ke damunta. A ba ta dusa da harawa, magana ta ƙare. Batun gado kuwa, in ji shi, camfin makiyaya ne.

Yunwa na da nata laifin, ba musu. To amma awaki biyu a turke ɗaya a Sabuwa, abinci ɗaya: wannan tana lashe 'ya'yanta, ta ba su dakashi tun sa'o'in farko, waccan tana tunkuɗe nata duk haihuwa. Dusar ce ta bambanta su?

Yawan nono da natsuwar uwa suna bin jini, ko da ba su kai girman jiki saurin gado ba. Misali, masu kiwon aladu a Denmark a 2004 suka fara zaɓen iri bisa yawan 'ya'yan da suka rayu zuwa kwana 5, maimakon yawan waɗanda aka haifa.

Marubucin ya kuma manta da bunsuru. Ba ya shayarwa, amma rabin jinin 'ya'yansa mata nasa ne. Mai saye a kasuwar Sheme ta Faskari ƙiba da fata yake dubawa. Wa ke tambayar yadda uwar bunsurun ta yi raino?

Abin ya fi shafar mutanen Ƙanƙara da 'yan bindiga suka kwashe wa garke, masu sake farawa da akuya biyu ko uku. In suka bi shawarar marubucin, kuɗin dusarsu zai ƙare a kan uwar da wataƙila 'yarta ma ta ƙi ɗanta.