Tsaka Mai Zanen Damisa: Shimfiɗar Ɗakinta Ita Ce Ajalinta

Masu iya magana sun ce abincin wani gubar wani. A ƙasar Hausa in aka hangi tsaka a jikin bango, takalmi ake nema. Amma a Amurka da Ingila da Japan akwai wani irin tsaka da mutane ke saye da kuɗinsu, su ajiye a akwatin gilashi, su raɗa mata suna kamar yadda ake yi wa kyanwa. Ita ce tsaka mai zanen damisa, wadda wani masani Bature mai suna Edward Blyth ya fara bayyana siffarta a rubuce a shekarar 1854.

Asalinta ƙasashen Afganistan ne da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya da wani sashe na Iran. Ta sha bamban da ta gidajenmu ta fuska biyu: tana da fatar ido, watau tana ƙiftawa, kana kuma ba ta da ɗanƙon ƙafa na hawan bango, sai 'yan farata. Tsawonta kan kai santimita 20 zuwa 25, a jelarta take tara kitse, kuma in ta sami kulawa takan yi shekara 15 zuwa 20 a raye. Tana da 'yar'uwa mai kaurin jela a nan Afirka ta Yamma, tun daga Senegal har Kamaru.

To, ɗaya daga cikin abubuwan da ke halaka ta a hannun masu kiwo shi ne abin da suke shimfiɗa mata a ƙasan akwati. Da yake an ji ana cewa daga ƙasa mai fari ta fito, sai sabon mai kiwo ya cika akwatin da rairayi, yana zaton ya mayar da ita gida. Alhali kuwa ba a cikin yashin hamada take zaune ba. Mazauninta ƙasa ce mai tauri, gauraye da yumɓu da duwatsu da ciyayi jefi-jefi, inda take wuni a ƙarƙashin dutse, ta fito farauta da almuru.

Ga yadda ɓarnar ke aukuwa. Sa'ad da ta kai wa gyare cafka, takan haɗa da yashi ta haɗiye. In kuwa jikinta ya rasa sinadarin kalsiyam, da kanta za ta riƙa lasar ƙasa tana nema. Sannu a hankali yashin ya dunƙule a hanji ya toshe shi. Daga nan ta daina ci, ta daina kashi, ciki ya kumbura, jela ta rame. In ba a gaggauta kai ta wurin likitan dabbobi ba, sai mutuwa. Har ma akwai wani yashi da ake sayarwa da sunan wai na kalsiyam ne, wanda masana kiwo da dama ke gargaɗi a kansa, domin kwaɗaitar da ita yake yi ta ƙara ci.

Sanyi kuma yana ƙara tsananta lamarin, domin da zafin ƙasa take narkar da abinci. Saboda haka ake so gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 30 zuwa 32, ɗayan kuma ya tsaya wajen 25, ta zaɓi inda ya yi mata. Ga 'ya'ya ƙanana da marasa lafiya, takarda ce shimfiɗar da ta fi aminci. Manya kuwa, falalen dutse ko tayil ya wadatar. Har ila yau tana bukatar maɓuya mai danshi domin saɓa, in ba haka ba tsohuwar fata ta ɗaure mata yatsu har su guntule. Ƙwarin da za ta ci ma sai an barbaɗa musu garin kalsiyam, don kada ƙasusuwanta su yi laushi.

Wajen hayayyafa akwai abin al'ajabi. Ƙwai biyu macen ke sakawa a lokaci guda, kuma zafin wurin ƙyanƙyasa ne ke yanke jinsin ɗan: a digiri 26 zuwa 27 galibi mata ake samu, a wajen 32 kuwa maza sun fi yawa. Maza biyu ba sa zama akwati ɗaya sai da faɗa. Mai taɓa ta kuma ya wanke hannu da sabulu, domin dabbobi masu jan ciki kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela.

Wanda ya tsare rai a akwati ya ɗauki amana, ko da ran tsaka ne. Ba ta da bakin kai ƙara, ba ta da hanyar fita. Kafin mutum ya saye ta, ya fara sanin irin ƙasar da za ta taka.