Gobarar A-Kori-Kura: A Daina Ɗora Wa Tsautsayi Laifi

Wata safiya na shiga gaban wata a-kori-kura daga Kalgo zuwa Jega, tsohuwar Fijo 504 da fentinta ya daɗe da yin sallama. Direba bai nemi makulli ba. Sunkuyawa ya yi ƙarƙashin sitiyari, ya zaro wayoyi biyu da aka fere wa baki, ya goga su, tartsatsi ya tashi, inji ya amsa. Ba mu yi nisa ba ƙaurin roba ya cika mini hanci. Na ce, "Direba, wani abu fa na ƙonewa." Ya yi dariya ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Wagga mota ta girme ka, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba." Don ya gamsar da ni, sai ya nuna mini gidan fiyus. Abin da na gani a ciki jan ƙarfe ne aka nannaɗe, wani gurbin ma takardar azurfa ta kwalin sigari aka cusa masa. A bayanmu kuwa buhunan shanshera ne, mata da yara a kansu, ga jarkoki biyu na fetur da wani manomi zai kai wa injin ban ruwa.

Mun isa lafiya. Kuma isar nan lafiya ita ce ke ƙara wa direban nan taurin kai, shi da dubban irinsa.

Abin da aka yarda da shi a tasha, a gareji da majalisar masu shayi shi ne lafiyar mota tana ga inji da taya. In inji na kuka, taya na juyawa, magana ta ƙare. Wayarin kuwa abin lallaɓawa ne, a ɗaure da salatif, in babu a yaga leda. Ranar da wuta ta tashi ta lashe mota da kaya, sai a taru a tafa hannu a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni dai ban yarda ba. Yawancin abin da muke kira tsautsayi a nan, da hannu aka ƙulla shi tun watanni kafin ranar, kuma wanda ya ƙulla ya san kansa.

Mu tsaya kan fiyus, don a nan ɓarnar take. Mutane na raina batirin mota saboda bolt 12 ne kawai, ba ya jan mutum kamar wutar gida. Amma batirin da ke iya juya inji mai sanyi yana iya tura ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, kuma in waya mai wuta ta taɓa ƙarfen mota, cikin daƙiƙoƙi kaɗan za ta yi jajir ta narkar da robarta. Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka ƙera da gangan don ya riga kowa mutuwa. In wuta ta wuce ƙima, shi zai tsinke, sauran su tsira. Har launi aka ba su don kada a yi kuskure: ja na amfiya 10, shuɗi na 15, rawaya na 20, kore na 30. Idan fiyus ya ƙone, aka sa wani ya sake ƙonewa, ba lalacewa ya yi ba, faɗa maka yake yi akwai inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Mu kuma sai mu toshe masa baki da jan ƙarfe mai kauri. Daga ranar, wayar da ta ratsa ƙarƙashin kujera ta bi ta kusa da tiyon mai, ita ce ta zama fiyus ɗin.

Sai a ce ai Hilux ba ta mutuwa. Gaskiya ne tun 1968 da Toyota ta fara ƙera ta, ta yi suna wajen juriya, haka ma Fijo da kamfanin Kaduna ya fara haɗawa a 1975. To amma ƙarfe ne ke jurewa. Robar da ta lulluɓe waya ba ta da wannan ƙarkon. Zafin Maris da Afrilu a Kebbi yana haura maki 40, ga na inji a kai, roba ta bushe ta tsattsage. Damina ta zo ta zuba tsatsa a mahaɗai. Motar da ke kwana da ragowar hatsi a bayanta kuma ɓeraye ba sa ƙaura daga cikinta. A kan wannan tsohon wayarin ne ake jona ƙarin fitilu masu kashe ido, da lasifika, da cajar waya, duk kai tsaye daga batir. Shi kansa batirin ba a ɗaure yake ba, kansa da ƙusa aka cije shi, in ya yi gardama a kwankwasa masa dutse.

Ko a Amurka, inda mota ke fitowa sabuwa dal, wuta ta sha kunyata injiniyoyi. Tsakanin 1999 da 2009 kamfanin Ford ya kira motoci fiye da miliyan 14 su dawo gyara, ciki har da a-kori-kurarsa F-150. Sanadin kuwa wani ɗan makunni ne kusa da tukunyar man birki, wanda wuta ba ta barin jikinsa ko an kashe mota. Man birki ya riƙa tsiyaya cikinsa, motoci suka riƙa kamawa da wuta suna ajiye, wasu cikin dare a gidajen masu su. Ko kun san maganin da kamfanin ya kawo? Guntuwar waya mai ɗauke da fiyus. Abin da mu muke cirewa mu yar a bakin gareji.

Na san amsar da za a ba ni: talauci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 direba ke cikin ƙunci, ga balas na mai mota, ga kamasho, ga iyali. Ban musa ba. Amma fiyus bai kai kuɗin litar fetur ɗaya ba. Abin da ake gudu shi ne yinin da mota za ta yi a tsaye riwaya na bin waya yana neman inda ta goge. Shi ya sa ba na ɗora wa riwaya laifin duka. Sau nawa yake ce wa mai mota, "Alhaji, wayarin nan ya ƙare, sai an sake," a ce masa, "Kai dai haɗa mana mu je mu dawo"? Je-mu-dawon nan sai ya shekara biyu. Laifin riwaya shi ne yardar da yake yi, da yaran da ke tsaye bayansa suna koyon cewa haka ake aiki.

Ba gobara ce kaɗai ba. Duk wanda ke bin hanyar Kalgo zuwa Bunza da dare, ta gaban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ya san motar da ke tahowa da ido ɗaya. Ka ɗauka babur ne, sai kun zo gab ka ga faɗinta. Wata kuma batir ya mutu ta tsaya a kan kwalta, ba fitilar baya, ba sigina, sai ganyen da yaron mota ya karyo ya jera.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988 take kan hanya, jami'an duba lafiyar motoci ma suna nan. Ana tambayar takardu, ana tambayar abin kashe gobara, wanda sau da yawa fanko ne ko kwanansa ya wuce. Gidan fiyus fa? Leƙa shi bai fi minti ɗaya ba, kuma ni ban taɓa ganin an leƙa ba.

Masu kawo zancen ƙaddara kuwa, a ƙasar Gwandu muke, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda ba a jahilci bambancin tawakkali da sakaci ba. Direban nan da ya yi mini dariya, da dare yana kulle ƙofar gidansa, yana ɗaure akuyarsa, bai taɓa cewa hakan raunin imani ba ne. Ran fasinja bai fi na akuya arha ba.

Shugabannin ƙungiyar direbobi na tashar Kalgo, ku ke ba da layi, ku ke da ikon hana lodi. Motar da aka samu jan ƙarfe a gurbin fiyus ɗinta, kada ta ɗauki mutum ko ɗaya sai an gyara. Kai kuma fasinja, in ka ji ƙaurin roba, ka ce a tsaya ka sauka, ko da za a yi maka dariya.